Ranar da Kanari Ya Yi Shiru

Jambutu unguwa ce a birnin Garwa, a arewacin Kamaru. Da Faransanci ana rubuta sunanta Djamboutou. Unguwa ce mai masana'antu, da manyan motoci, da ƙura. Amma wanda ya bi ta lungunanta da sassafe, kafin motoci su tashi, yakan ji wani sauti dabam. Kukan ƙananan tsuntsaye ne daga cikin keji. Wani kejin yana rataye a ƙofar shagon tela, wani a zaure, wani kuma a reshen darbejiya a tsakar gida.

Tsuntsun da aka fi sakawa a keji shi ne kanari. Yana da ƙirji ruwan ɗorawa, da baya kore-kore, da kai mai ruwan toka. Da Faransanci ana ce masa serin du Mozambique. Akwai ɗan'uwansa mai launin toka, wanda ake kira chanteur d'Afrique. Ba shi da ado, amma muryarsa ta rama masa. Wasu yara kuma sukan ajiye baiwar Allah, ƴar jar tsuntsuwar nan da ke shiga gidaje tana tsince-tsince, ko asisi mai shuɗin ƙirji. Dukansu masu cin ƙwayar hatsi da ƴaƴan ciyawa ne. Bakinsu gajere ne mai kauri, don fasa ƙwaya. Cututtukansu ma kusan iri ɗaya ne.

Wani yaro a unguwar yana da kanari ɗaya. Kullum da asuba tsuntsun yakan cika gidan da kuka. Ran nan gari ya waye, shiru. Yaron ya leƙa, ya tarar da shi a takure a kan sandarsa, ya kumbura gashi kamar dunƙulen auduga. Sai ya ɗauki kejin ya nufi gidan kawunsa, wanda ya daɗe yana kiwon tantabara da ƙananan tsuntsaye.

Ya durƙusa ya ce, "Kawu, ina kwana? Kanarina ne ya ƙi kuka."

Kawun ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Ajiye shi nan a inuwa. Kada ka taɓa shi tukuna. Zauna mu dube shi."

Abin da suka zauna yi shi ne rabin aikin likita.

Tsuntsu yana ɓoye ciwonsa

A daji, tsuntsun da ya nuna rauni shi shaho yake fara ɗauka. Saboda haka ƙaramin tsuntsu yakan ɓoye ciwonsa iyakar ƙarfinsa. Idan ya ga mutum ya matso, sai ya kwantar da gashi, ya buɗe ido, ya yi tsalle kamar ba abin da ke damunsa. Ranar da aka gan shi ya kasa ɓoyewa, to ciwon ya kwana biyu a jikinsa.

Ga kuma ƙanƙanta. Nauyin kanari bai wuce giram 12 ko 13 ba, wato kamar ƙwayar sukari biyu. Baiwar Allah ba ta ma kai haka ba. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, na ƙaramin tsuntsu kuwa yakan kai 41 ko 42. Zuciyarsa tana bugawa sau ɗaruruwa a minti guda. Jikinsa kamar wutar kara ne, tana ci da sauri, idan ba a ƙara mata ba ta mutu. Akuya takan yi kwanaki ba ta ci ba, ta warke. Kanari kuwa idan ya daina ci, cikin kwana ɗaya ko biyu sai a tsince shi a ƙasan keji. Shi ya sa mai tsuntsu ba ya cewa bari sai gobe.

Duban safe

Mai tsuntsu na ƙwarai yakan dubi tsuntsunsa kowace safiya, ko da lafiyarsa lau. Wanda bai san yadda mai lafiya yake ba, ba zai gane marar lafiya ba. Daga nesa ake dubawa, kamar taku uku ko huɗu, a zauna shiru har tsuntsun ya manta da mutum.

Mai lafiya ba ya zama wuri ɗaya. Gashinsa a kwance yake, sumul. Idanunsa a buɗe, suna ƙyalli. Yana fasa ƙwaya, yana goge baki a jikin sanda, yana gyara gashinsa. Da dare yakan yi barci a kan ƙafa ɗaya, ya cusa baki cikin gashin bayansa.

Marar lafiya yakan yi sukuku. Yakan kumbura gashi ko da rana ta take, domin sanyi yake ji. Yana lumshe ido. Yana barci da rana a kan ƙafa biyu. Fikafikansa sun sauka. Idan abin ya yi tsanani sai ya bar sanda ya koma ƙasan keji, ya raɓe a kusurwa.

Sai a dubi wutsiya. Idan tana hawa tana sauka da kowane numfashi, to numfashi yana yi masa wuya. A dubi hanci da ido, ko akwai ruwa ko kumburi. A dubi gashin da ke ƙarƙashin wutsiya, ko kashi ya manne.

Daga nan sai mazubin abinci. Nan ne yara da yawa suke yin kuskure. Kanari yakan fasa ƙwaya, ya ci cikin, ya bar ɓawon a mazubi. Mai tsuntsu ya leƙa, ya ga mazubi a cike, ya yi tafiyarsa makaranta. Alhali ɓawo ne zalla, tsuntsu yana kwana da yunwa a gaban kwano cike. Maganin wannan ba wuya. A fitar da mazubin kowace safiya, a hura shi da baki. Ɓawo zai tashi, ƙwaya ta zauna. Abin da ya rage shi zai nuna ko tsuntsun ya ci.

Akwai kuma shirun da ba na ciwo ba. Sau ɗaya a shekara tsuntsu yakan zubar da tsohon gashi ya fitar da sabo. A lokacin kanari yakan daina kuka har makonni, wani ma ya kai wata biyu. Ana ganin gashi a ƙasan keji, amma yana ci, yana tsalle, idonsa garau. Wannan hutu da abinci mai kyau kawai yake so. Sannan namiji ne mai dogon kuka. Wanda aka sayar wa tamata, ko ya shekara yana jira, ƴar tsuwa kaɗai zai ji.

Abin da kashi yake faɗa

Tsuntsu ba ya magana, amma kashinsa yana ba da labari. A shimfiɗa takarda a ƙasan keji, ko ta tsohon littafin rubutu ce, a riƙa canzawa kullum. Tsuntsu ba ya fitsari dabam kamar akuya. Kashi da fitsari tare suke fita. Saboda haka kashin mai lafiya kala biyu ne: akwai baƙi-baƙi ko kore mai duhu, akwai fari, da ɗan danshi kewaye. Ƙaramin tsuntsu yakan yi fiye da sau 20 a yini.

Idan aka ga kashi ya ragu, ya zama ƴan ƙanana baƙaƙe, ko fari kawai ke fita, to tsuntsun ba ya ci. Idan ya zama ruwa-ruwa ba siffa, yana ɓata gashin gindi, zawo ne. Idan ana ganin ƙwayar gero ɗungum a ciki, cikinsa ba ya narkar da abinci. Idan farin ya koma ruwan ɗorawa ko kore, mai yiwuwa hanta ce ta taɓu. Idan akwai jini, sai a nemi likita a ranar. Amma tsuntsun da ya ci latas ko kankana jiya, kashinsa yakan yi ruwa yau. Wannan ba kome ba ne, yakan daidaita kafin gobe.

Kama shi a hannu

Ba a kama marar lafiya sai da dalili, domin tsoro kaɗai yana iya kashe shi. Idan ya zama dole, a shiga ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a rage haske. A sa hannu a hankali a rufe shi ta baya. Bayansa ya kwanta a tafin hannu, kansa ya fito tsakanin manuniya da yatsan tsakiya. Kada a matse ƙirji. Da motsin ƙirji tsuntsu yake shaƙar iska, wanda ya matse shi ya shaƙe shi ke nan.

A hura gashin ƙirji a ga fata. A tsakiyar ƙirji akwai wani dogon ƙashi. Ga mai lafiya, tsoka ta cika gefensa biyu. Ga wanda ya rame, ƙashin yakan fito kamar kaifin wuƙa. Gashi yana rufe rama, sai yatsa ke gane ta. A dubi ciki, ko ya kumbura ya yi ja. A dubi yatsun ƙafa. Sau da yawa zare, ko silin gashin kitso, yakan naɗe yatsa ya hana jini gudu. A warware shi da bakin allura a hankali. Duk wannan dubawa kada ta wuce minti ɗaya ko biyu.

Taimakon farko

Ko wane irin ciwo ne, taimakon farko ɗaya ne. Da fari a raba marar lafiya da sauran, a sa shi a kejinsa shi kaɗai. A kai shi wuri mai shiru, nesa da kyanwa da ƙananan yara. A lulluɓe gefe uku na kejin da zane, a bar gefe ɗaya don iska da haske, domin tsuntsu ba ya ci a cikin duhu.

Na biyu ɗumi. Marar lafiya yana so wurin ya kai kamar digiri 30. Da bazara Garwa ba ta rasa zafi, inuwa ma ake nema. Amma da hunturu, a watan Disamba da Janairu, dare yakan yi sanyi. Sai a zuba ruwan ɗumi a kwalba, a naɗe ta da tsumma, a jingina a gefe ɗaya na kejin. Idan ya ji sanyi ya matso, idan ya ji zafi ya ja baya. Ba a ɗumama tsuntsu da garwashi, hayaƙin zai gama da shi.

Na uku ci da sha. A sauko da abinci da ruwa ƙasa kusa da shi, a sauko da sanda ma. A ba shi abin da ya saba da shi kuma yake so: gero, ko acca, ko zangarniyar ƴaƴan ciyawa irin su harkiya da komayya. Dawa da masakuwa sun yi wa bakinsa girma. A jiƙa gero ya yi laushi. A murmusa masa ɗan dafaffen ƙwai, amma a kwashe ragowar bayan awa biyu, domin zafi yana lalata shi. A ruwan sha a sa ɗan sukari ko zuma kaɗan, a canza sau biyu a yini. Idan ya kasa sha da kansa, a tsoma tsinke a ruwan, a ɗiga ɗigo ɗaya a gefen bakinsa, a jira ya haɗiye. Ba a ɗura masa, ruwan zai bi hanyar numfashi.

Tsuntsaye da yawa da wannan kaɗai suke tashi. Amma sai an nemo abin da ya kawo ciwon, in ba haka ba zai dawo.

Abin da ya fi kama su

Mafi yawan ciwon ciki daga abinci da ruwa yake zuwa. Da damina hatsi yakan yi danshi ya yi fumfuna. Fumfuna tana lalata hanta, ƙurarta kuma tana shiga huhu. A sansana gero kafin a zuba. Idan yana warin ruma, a zubar. Akwai wata gwaji mai sauƙi: a zuba ƴan ƙwayoyi a kan jiƙaƙƙen tsumma, a bar shi da danshi. Idan suka tsiro cikin kwana uku ko huɗu, geron yana da rai. Ruwan sha kuwa a canza shi kullum, a wanke mazubin har santsin nan ya fita. Kada a ajiye mazubi a ƙarƙashin sanda, inda kashi zai faɗa ciki.

Wani haɗarin ya fi wannan. Ƙasar Garwa ƙasar noman auduga da masara ce, gidaje da yawa suna da maganin ƙwari. Irin shuka da aka shafa wa magani, da hatsin da aka barbaɗa wa hodar ajiya, guba ne ga tsuntsu. Yakan yi ta karkarwa, ya faɗo daga sanda, ya kasa tsayuwa. Haka kuma ba a ba shi gishiri, ko fiya, wadda ake kira avocat da Faransanci. Mutum yana cinta lafiya, tsuntsu kuwa tana kashe shi.

Sai ciwon numfashi. Ban da huhu, tsuntsu yana da jakunkunan iska a cikin jikinsa. Iska tana ratsa shi fiye da yadda take ratsa mutum, gurɓatacciyar iska ma haka. A Ingila masu haƙar kwal sukan shiga rami da kanarin Turai a keji. Idan muguwar iska ta taru, kanari ne yake fara faɗuwa, sai mutane su gudu su fita. Sai a 1986 aka daina wannan. To tsuntsun da ke faɗuwa tun mutum bai ji kome ba, ina zai iya da hayaƙin murhu, ko na maganin sauro na kunnawa, ko fesa maganin ƙwari a ɗaki? Kafin a yi feshi a fitar da keji waje, kada a mayar sai warin ya fita sarai.

Akwai kuma wasu ƙwari ƙanana ƙwarai da ke zama a cikin maƙogwaro da jakunkunan iska. Tsuntsun da ke da su muryarsa takan dushe, yana atishawa, yana goga baki. Da dare idan gida ya yi tsit, a kara kunne kusa da keji. Za a ji wani ɗan sauti, ƙis, ƙis, ƙis, tare da numfashinsa. Wannan sai likitan dabbobi.

Zafi ma yana sa haki, amma ana iya bambantawa. A watan Maris da Afirilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40. Tsuntsu ba ya gumi. Idan zafi ya dame shi sai ya buɗe baki, ya ɗaga fikafikai daga jikinsa, gashinsa a lafe. Marar lafiya kuwa a kumbure yake, kuma yana haki ko da sanyin safiya. Wanda zafi ya buga a kai shi inuwa mai iska, a yayyafa masa ruwan randa, a ajiye masa ruwan wanka a faranti marar zurfi. Rataye keji a ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana zalunci ne, ko da mai yi bai sani ba.

Ƙumar kaji ita ce ɓarauniyar dare. Da rana tana ɓuya a tsagar kara da ramukan sanda. Da dare ta fito ta sha jinin tsuntsu, kafin gari ya waye ta koma. Shi ya sa ko an duba jikinsa da rana ba a ganin kome. Tsuntsun dai yana ta susa, ba ya barci, yana ramewa, ƙafafunsa da cikin bakinsa sun yi fari. Ga yadda ake kama ɓarauniyar: da magariba a lulluɓe keji da farin ƙyalle. Da asuba a ɗaga a duba. Idan an ga ɗigo-ɗigo ja ko baƙi suna motsi, ita ce. A mayar da tsuntsu wani kejin. A kwarara wa tsohon tafasasshen ruwa, lungu-lungu, a shanya a rana. Bayan mako guda a sake, domin ƙwayayen da suka tsira sun ƙyanƙyashe. Idan kejin kara ne kuma ya tsufa, ƙone shi ya fi. Kuma a nisanta keji da akurkin kaji da ɗakin tantabara, can ne gidan ƙuma.

Idan ƙafafu suka yi kirci, suka yi ɓawo fari mai kauri, wasu ƙwarin ne suka shiga ƙarƙashin fata. A shafa basilin kaɗan a ƙafar kawai, bayan kwana biyu-biyu, har ɓawon ya yi laushi ya zube da kansa. Ba a ɓamɓarewa, jini zai fita. Wasu sukan shafa wa kaji kananzir ko baƙin mai. Kaza ma wahala take sha, kanari kuwa ba zai kwana ba.

Da damina sauro yakan kawo ƙuraje, waɗanda ake kira variole da Faransanci. Suna fitowa a gefen ido, da gindin baki, da ƙafa. Babu maganin da ke kashe ƙwayar wannan cuta. Idan a fata suka tsaya, tsuntsu yakan warke da jinya. Idan suka shiga maƙogwaro, da wuya ya tashi. Guntun tsohon gidan sauro da aka lulluɓa wa keji da yamma ya fi kowane magani a nan.

Tamata kuma tana da nata. Wani lokaci ƙwai yakan maƙale mata. Sai a gan ta a ƙasan keji, ciki a kumbure, tana yunƙuri. Kada a danna cikin, ƙwan zai fashe a ciki ya kashe ta. A ba ta ɗumi da ruwan sukari, a bar ta shiru. Idan awa biyu ko uku suka wuce ba ta saka ba, a garzaya wurin likita. Abin da ke hana wannan shi ne ɓawon ƙwan kaza. A tafasa shi, a shanya, a daka, a riƙa ajiye mata a keji.

Magani da likita

Idan kaza ta yi sukuku, mutane da yawa sukan sayo kafso a tebur, su buɗe su zuba a ruwa. Yara sukan kwaikwayi wannan ga tsuntsunsu. A yi lissafi tukuna. Yaro mai kilo 30 yana da giram 30,000. A raba da giram 12, nauyin kanari. Amsa ita ce 2,500. Wato yaron ya ninka tsuntsunsa sau 2,500. Wane ne zai iya raba ƙwayar magani gida 2,500 da reza? Kuma kafso ba ya kashe ƙuma, ba ya warkar da ƙuraje, ba ya cire ƙwai. Wanda ya ba da magani bai san ciwo ba, harbi ne a duhu.

Auna magani aikin likitan dabbobi ne, wanda ake kira vétérinaire da Faransanci. Gaskiya ne shanu da awaki da kaji ya fi gani. Amma ya san magani, ya san awo, kuma yana iya duba kashi da madubin likita ya ga abin da ido ba ya gani. Ga ƙwarin maƙogwaro da na ƙafa yakan yi amfani da ibamektin, irin maganin da ake raba wa mutane saboda makantar bakin kogi. Na tsuntsu sai an tsarma shi ƙwarai, ɗigo ɗaya a fatar ƙeya. Na mutane da na shanu sun yi masa ƙarfi nesa ba kusa ba.

Idan za a je, a tafi da tsuntsun a cikin kejinsa, a lulluɓe. Kada a canza takardar ƙasa, likita yana so ya ga kashin. A riƙe ɗan abincin da yake ci. Likita zai tambaya: tun yaushe? Me ya ci? An yi feshi a gida? An kawo sabon tsuntsu? Tambayar ƙarshe tana da nauyi. Baƙon tsuntsu, ko daga kasuwa ko daga tarko, yakan zo da cutar da bai nuna ba. A ajiye shi dabam kwana 30 kafin a haɗa shi da na gida.

Garwa ta yi sa'a ta wannan fanni. A Bokle, kudu da birnin, akwai babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, LANAVET, wanda aka kafa a 1983. Can ake yin allurar rigakafin shanu da kaji, can kuma ake gwada cututtuka idan annoba ta ɓulla.

Akwai lokacin da maganar ta wuce tsuntsu ɗaya. A farkon 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna ta Nijeriya. A watan Maris na shekarar aka same ta a jikin agwagi a Marwa. A 2016 ta kashe kaji dubbai a Yawunde. Wannan cuta tana iya kama mutum. Idan aka ga kaji, ko agwagi, ko tsuntsayen daji suna mutuwa da yawa a lokaci guda, yaro kada ya taɓa su, kada ya yi wasa da gashinsu. Ya gaya wa manya, su kuma su sanar da ofishin dabbobi. Ko ba annoba, duk wanda ya taɓa keji ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Tsuntsun da ya mutu a ɗauke shi da leda, a binne da zurfi, a wanke kejin da tafasasshen ruwa kafin a sa wani.

Wani lokaci akan yi duk abin da ya kamata, tsuntsu ya mutu. Yawancin na kejin nan daga daji aka kamo su, kuma da yawa ba sa jure makonnin farko. Wanda aka kamo jiya, ya ƙi ci, yana ta dukan keji da ƙirji, ba magani yake so ba. A mayar da shi inda aka kamo shi, a buɗe masa ƙofa.

Yaron nan da kawunsa sun zauna kamar minti goma suna kallo. Wutsiyar tsuntsun ba ta motsi da numfashi. Kawun ya hura mazubi, ya ga an ci gero kaɗan. Ya dubi kashi, bai ga zawo ba. Ya kama shi ya taɓa ƙirji, ya ji ƙashi ya fara fitowa, ƙafafu kuma sun yi fari.

Ya ce, "Ɗana, ina kake rataye kejin nan da dare?"

Yaron ya ce, "A jikin ɗakin kajin Inna, Kawu."

Kawun ya shiga ɗaki ya fito da guntun farin ƙyalle, ya ce a lulluɓa da magariba. Da asuba yaron ya ɗaga ƙyallen, ya ga jajayen ɗigo suna tafiya a kai. Ran nan aka ƙone kejin kara. Aka sa kanarin a kejin waya, aka rataye a zaure, ana ba shi gero da dafaffen ƙwai. A kwana na tara, ana kiran sallar asuba, ya soma kuka ƙasa-ƙasa.